Rumfar ƙofar lambuna ta lotsa a tsakiyar damina, a taimaka da shawara

Maman Nusaiba, Gembu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na san ba a rasa kafintoci da magina a cikinku, shi ya sa na kawo kukana nan. A ƙofar lambun gidanmu akwai 'yar rumfa ta katako mai ƙafa huɗu, samanta a lanƙwashe kamar baka, ta ƙarƙashinta ake bi a shiga lambu. Tsayinta ƙafa 8, faɗin hanyar ƙafa 5. Marigayi mahaifina ne ya sa aka kafa ta a 2016, shi ya dasa fulawar buganbiliya a gindinta da hannunsa, yanzu fulawar ta rufe ta ruf. Tun watan Yuli na lura tsakiyarta ta fara lotsawa. Shekaranjiya aka kwana ana ruwa, da gari ya waye sai na tarar ta karkata wajen kicin, har mai tsawo sai ya sunkuya kafin ya wuce. Kafintan da na kira ya ce a sare fulawar, a rushe rumfar, a yi sabuwa. Ni kuwa ba na son a taɓa gindin fulawar nan. Akwai yadda za a yi?

Mai Kula da Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kafin masana su iso, Hajiya, a hana yara bi ta wurin tun yau.

Kafinta Ɗan Zango, Kumasi:
Amin. Hajiya, kada ki yarda a rushe tukuna. Ina son ki yi mini abu biyu. Ki ɗauki sukudireba ko dogon ƙusa, ki soki kowace ƙafa a wuri uku: daidai ƙirjinki, daidai inda katakon ya haɗu da ƙasa, sannan ki ɗan tone ƙasar ki soki can ƙasa. Ki faɗa mini inda ya shige ba wahala. Sai kuma ki auna faɗin hanyar daga ƙasa, ki sake aunawa daga sama inda bakan ya zauna a kan ƙafafun. Wane katako ne, kuma an zuba musu kankare?

Abban Walid, Kano:
Ni a ganina kafintanki ya faɗi gaskiya. Katakon da ya sha damina kusan goma ai ya biya kuɗinsa. A yi sabuwa, a jiƙa gindin da baƙin mai, shi ke nan. Rumfar ƙofar gidanmu haka aka yi mata, ta fi shekara 15 tana nan daram.

Maman Nusaiba, Gembu:
Malam Kafinta, na yi yadda ka ce. Katakon turare ne, tiri-bai-fo, wato mai inci 3 da inci 4, shi muka fi samu a nan. Daidai ƙirji ƙusan bai shiga ba ko kaɗan, a duka huɗun. Amma ƙafa biyun da ke wajen kicin, daidai bakin ƙasa, ya shige kusan inci 2 kamar ana soka dafaffen rogo. Wurin baƙi ne, ga gansakuka, da na matsa da yatsa har ruwa ya fito. Biyun ɗaya ɓangaren da ɗan sauƙi, sama-sama ne suka yi laushi. An zuba kankare, amma samansa ya yi kwari kamar akushi, ruwa ne kwance a ciki yanzu haka. Faɗin ƙasa ƙafa 5 ne cif, na sama ya ƙaru da inci 4.

Kafinta Ɗan Zango, Kumasi:
To, alhamdu lillahi, ciwon ya nuna kansa. Saman rumfarki lafiyarsa lau, gindi ne ya ruɓe. Katako ba ya ruɓewa don ruwa ya taɓa shi, yana ruɓewa ne idan ya jiƙe ya kasa bushewa. Abin da ke cinsa yana bukatar danshi da iska a tare, shi ya sa kullum daga bakin ƙasa yake farawa: can sama iska na busar da shi, can ƙasa sosai iskar ta yi kaɗan, amma a bakin ƙasa duka biyun sun haɗu. Kankaren da ya yi akushi shi ya ƙarasa aikin. Katako na kumbura da damina, ya tsuke da rani, sai 'yar tazara ta buɗe tsakaninsa da kankare, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Inci 4 ɗin da ya ƙaru a sama kuwa, nauyin fulawa ne ya danne bakan, shi kuma ya tura kawunan ƙafafun waje. Baka duk inda yake haka yake yi, idan aka danne tsakiyarsa sai ya buɗe ƙafa.

Abban Walid, ruwan Kano daban, na Mambila, inda Gembu take, daban. Ku wata huɗu ne zuwa biyar, sauran shekara rana da iskar hunturu su busar muku da komai. Mu nan Kumasi damina biyu muke yi a shekara. Na ga katakon wawa, wanda ku a Najeriya kuke ce wa obeche, an kafa shi a ƙasa bai cika shekara biyu ba ya zama gari.

Ɗan Nguroje:
Gaskiya ne. Mu nan saman dutse ruwa na farawa tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Nuwamba. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, hazon safe kaɗai ya isa ya jiƙa katako. Kuma Hajiya, turaren da ake yankowa yanzu yawanci ɗanye ne, ƙananan bishiyoyi, rabinsa farin nan na baya-baya. Jan cikin tsohuwar bishiya shi ne mai ƙarko. Farin kam ko shingen shanu aka yi da shi ba ya daɗewa.

Ɗalibin Injiniya, Yola:
Anti, ina da tambaya. Me ya sa ƙafafun wajen kicin kaɗai suka ruɓe sosai? Ruwan kwanon kicin a ina yake zuba?

Maman Nusaiba, Gembu:
Ƙanena, ka taɓo inda ban kula ba. An ƙara wa kicin ɗin rufi a 2020, bakin kwanon ya zo daidai kan ƙafafun nan biyu. Babu indararo, ruwan kai tsaye yake sauka.

Ɗalibin Injiniya, Yola:
To ga lissafin. Ruwan sama milimita 1 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Yankin Mambila na samun wajen milimita 1,800 a shekara. A ce gefen rufin da ke zubowa nan mita 4 ne da mita 3, wato murabba'in mita 12. Ya zama lita 21,600 a shekara, ya haura duro 100 na lita 200. Duk a gindin katako biyu da ɗan abin da ke kewaye da su. Ko wane irin katako aka sa, idan ba a kawar da ruwan nan ba za a sake komawa gidan jiya.

Mai Walda, Fatakwal:
Ni shawarata a bar katako gaba ɗaya. A sayi faif na ƙarfe mai inci 2, a lanƙwasa, a yi walda, a shafa jan fenti na ƙasa sannan a bi da fentin mai. Mu da muke cikin ruwa kusan duk shekara abin da muke yi ke nan. Gara ba ta cin ƙarfe.

Kafinta Ɗan Zango, Kumasi:
Gara ba ta ci, tsatsa na ci. Kuma ta yaya za a zare tsohuwar rumfa daga cikin fulawar da ta nannaɗe ta shekara da shekaru ba tare da an sare ta ba? Abin da Hajiya ta ce ba ta so ke nan tun farko.

Mai Walda, Fatakwal:
Tsatsar da kake magana ta mugun aiki ce, Malam. Faif daga ciki yake mutuwa. Mai walda ya bar samansa a buɗe, ruwa ya taru a ciki, waje fenti na sheƙi, ciki ya cinye, wata rana yaro ya jingina sai ya karye daga gindi. Idan aka toshe sama, aka huda ƙaramin rami kusa da ƙasa don danshi ya fita, zai daɗe ƙwarai. Amma maganar fulawa na yarda da kai, ban yi tunaninta ba.

Baba Magini, Zariya:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Jikana ne ke rubuta mini. Wannan lanƙwasa da kuke ta magana a kai, mu a ginin ƙasa bakan gizo muke ce mata, da azara muke ɗaure ta, ana jera ta tana ɗan fitowa gaba-gaba daga bango biyu har su haɗu a tsakiya. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, azarar giginya ce a cikin bakunansa, yau ana maganar shekara kusan 190. Me ya raya ta? Ruwa bai zauna mata ba. A da ana gyara rufi kafin damina, indararo na jefa ruwa nesa da bango. Azarar nan da gara ke jin tsoro, ka binne ta inda ruwa ke kwanciya, ita ma za ta gaji.

'Yata, abin da zan ce miki shi ne kada ki fara da gyara, ki fara da tokara. Ginin da ya soma tafiya ba a tsayawa shawara a ƙarƙashinsa. A samo itace biyu masu ƙwari, a shimfiɗa falanki a ƙasa don kada su nutse cikin taɓo, a gitta wani katako a ƙarƙashin bakan, a tokare. Kuma kada a ce za a miƙe ta rana ɗaya. Abin da ya yi wata biyu yana lanƙwashewa, idan aka tura shi da ƙarfi tsagewa zai yi.

Maman Nusaiba, Gembu:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. An tokare da yamman nan, ɗan yayata da abokinsa suka yi. Mun kuma tare ruwan kwanon da wani tsohon faif da aka tsaga biyu, yana zuba cikin duro kafin a yi indararo na gaske.

Malamar Gona, Jos:
Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa. Bari in kwantar miki da hankali game da fulawar. Buganbiliya ba ta tsoron aski. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, wajen Barazil, kuma a sabon reshe take yin fure, don haka rage ta ma ƙara mata kyau yake yi. Ki bar gindin da manyan rassa uku ko huɗu da suka hau rumfar, ki rage wajen kashi ɗaya cikin uku na sauran. Ki fara da cikin dunƙulen saman, za ki tarar da matattun rassa da busasshen ganye sun taru sun yi kamar katifa. Wannan katifar ita ke shan ruwa ta riƙe, nauyinta bayan ruwan sama ba kaɗan ba ne, kuma ita ke hana saman katakon bushewa. Ga iska kuma, idan hadari ya taso fulawar tare ta take yi kamar an shanya tabarma. A sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu, ƙayarta mugu ce. A leƙa da kyau kafin a sa hannu, rina na son irin wannan wuri.

Sai maganar baƙin mai da Abban Walid ya kawo. Don Allah a bar shi. Man da aka juye daga inji yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, ruwa na wanke shi ya shiga ƙasa. Nan ƙofar lambu ce, ina kyautata zaton akwai abin ci a kusa.

Maman Nusaiba, Gembu:
Akwai kabeji da albasa taku uku daga wurin, rijiyarmu ma ba ta da nisa.

Abban Walid, Kano:
Malama, kowane kafinta a ƙasar nan da baƙin mai yake aiki. Rufin gidaje nawa aka shafa wa? Ba kowa ke da kuɗin maganin gwangwani ba.

Malamar Gona, Jos:
Katakon rufi yana ƙarƙashin kwano, ruwa ba ya wanke shi. Wannan kuwa a fili yake, a garin da ake ruwa wata takwas, kusa da rijiyar da yara ke sha. Ban raina mai ƙaramin ƙarfi ba, Alhaji, ni ma da shi na taso ina gani ana yi. Amma ƙafa huɗu kacal ake magana, ƙaramin gwangwanin maganin katako na Solignum ya ishe su. Shi ma ba a gindin shuka za a shafa ba, a kai katakon gefe a kan leda, a bar shi ya sha ya bushe.

Ɗan Nguroje:
Ko a nemi guntun tsohuwar falwaya, waɗannan an dafa su da magani, ba sa ruɓewa da wuri.

Ɗalibin Injiniya, Yola:
Suna daɗewa kam, amma maganin da ake tura musu mai guba ne, wani har da sinadarin asenik. Idan an yanka, kada guntayen su shiga murhu, hayaƙin da tokar duka illa ne. A gidan da ake girki da itace ni ba zan kai ta ba.

Mai Kula da Zaure:
Kowa ya faɗi hujjarsa a kan mai, a bar shi haka. Malam Kafinta, mai tambaya na jiran yadda za a yi gyaran kansa.

Kafinta Ɗan Zango, Kumasi:
To Hajiya, ga yadda zan yi da a gabana take. Yanzu cikin ruwa, tokara da aski da indararo sun isa. Ki ƙara da igiya mai ƙwari ko waya, a ɗaure kawunan ƙafafun da ke fuskantar juna, a sa ɗan sanda a tsakiya ana murɗawa kaɗan-kaɗan duk bayan kwana biyu, a lokaci guda ana ɗaga tsakiyar bakan da jak ɗin mota, rabin inci a kowane zama. A haka inci 4 ɗin nan zai dawo. Babban aiki sai Disamba idan ƙasa ta tsane.

Idan lokacin ya yi, ƙafa ɗaya-ɗaya za a bi, sauran ukun da tokara na riƙe da rumfar. A yanke ruɓaɓɓen wurin da zarto har sai an kai inda katakon ke da tauri da launinsa na asali, a ƙara inci 2 sama da nan don ruɓa na tafiya a ɓoye. A fasa tsohon kankaren a fitar. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 2, a zuba tsakuwa inci 4 a ƙasansa. Sannan a kafa ƙarfen angil, wato mai kusurwa kamar harafin L, mai kauri guda biyu a cikin sabon kankare, su fito sama kamar ƙafa ɗaya da rabi, katakon ya shiga tsakaninsu a ɗaure da noti biyu masu rabin inci, da wosha ciki da waje. Abin da ya fi komai: ƙasan katakon ya tsaya inci 2 sama da kankare, har ki iya zura yatsu ki ga haske. Kada ya sake taɓa ƙasa. Idan abin da aka yanke ya yi tsawo, a ɗaga kankaren sama ya zama ɗan dakali ya cike gurbin.

Kankaren kuwa kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A yi wa samansa tudu kamar an kife ƙwarya, ruwa ya gangare. A riƙa yayyafa masa ruwa kwana 7 kafin a ɗora masa nauyi.

Mai Walda, Fatakwal:
Yanzu ka zo gidana. Angil ɗin kada ya gaza kaurin milimita 5, a huda ramukan kafin a kafa, a kankare tsatsar da burushin ƙarfe, a shafa jan fenti sau biyu. Noti a nemi mai farin rufi wanda ba ya tsatsa da wuri. Baƙin noti a jikin jiƙaƙƙen katako shekara biyu ya isa ya yi baƙin zobe ya fara cin ramin.

Ɗalibin Injiniya, Yola:
Malam, ina da ja a wuri ɗaya. Turken da aka binne, ƙasa ce ke hana shi rangaji. Wanda aka ɗora a kan ƙarfe da noti biyu bai kai shi tsayuwa ba, ga fulawa na kama iska. Ba za ta sake karkata ba?

Kafinta Ɗan Zango, Kumasi:
Ka yi gaskiya ɗana, na manta ban faɗa ba. Dole a sa mata katako a karkace. Kowane gefe, tsakanin ƙafar gaba da ta baya, a gitta tu-bai-tu daga kusurwar ƙasa zuwa ta sama. A kusurwoyin sama kuma, inda baka ya haɗu da ƙafa, a sa gajeren katako mai tsawon ƙafa ɗaya da rabi ya tokare su. Abu mai kusurwa huɗu idan ka tura shi yana kwantawa, mai kusurwa uku ba ya yi. A cire tsofaffin ƙusoshin mahaɗar bakan a sa noti, don ƙusa a katakon da ke kumbura yana tsukewa zarewa yake yi a hankali.

Wani abu kuma, kan katako inda zarto ya yanka shan ruwa yake kamar rake. Duk kan da ke kallon sama a yanke shi a karkace ko a yi masa hula da guntun kwano. Ƙasan ƙafafun a tsoma su cikin maganin su kwana. Fentin mai kuma kada a shafa sai katakon ya bushe ƙayau, in ba haka ba an kulle ruwa ne a ciki.

Baba Magini, Zariya:
Wannan yaro ya san aikinsa. Da a ƙasarmu ne da na ce a nemo ƙirya ko kawo a yi sababbin ƙafafu, amma tunda katakon ba zai taɓa ƙasa ba, turaren ma ya isa. A dai lura da gara, tana iya gina hanyarta ta ƙasa a jikin ƙarfen ta hau. Duk sati a leƙa, in an ga zanen ƙasa a kankare shi.

Maman Nusaiba, Gembu:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari bayan wata biyar. Mun yi askin tun a watan Agusta, baro 6 muka kwashe, yawanci matattun rassa, kuma Malama kin yi gaskiya, akwai gidan rina biyu a ciki. Tun daga ranar, kafin ma a fara murɗa igiya, tsakiyar ta ɗago da kanta kusan inci ɗaya. A ƙarshen Disamba aka yi aikin ƙarfen. Kafintan da ya ce a rushe shi ne ya yi, na karanta masa bayanin Malam Kafinta ya saurara har ƙarshe, shi ma ya ƙara da nasa: ya ce a yi wa ramin da ke kusa da gindin fulawar haƙa da hannu, ba da diga ba, don kada a datse saiwa. Ƙafafun wajen kicin inci 14 aka yanke musu, sauran biyun inci 6. Na auna jiya, ƙasa ƙafa 5, sama ƙafa 5 da rabin inci. Fulawar ta fito da sabon fure, ja ya rufe gefen kicin.

Saura abu ɗaya. A saman bakan akwai tsaga mai tsawon tafin hannu, tana bin tsawon katakon, ba ta gitta shi ba. In cike ta ne ko in bar ta?

Kafinta Ɗan Zango, Kumasi:
Masha Allah, sannunku da aiki. Tsagar da ke bin tsawon katako ba ta cika rage masa ƙarfi ba, ruwan da zai kwanta a ciki ne abin tsoro. Kada ki cike ta da siminti ko fenti, za su ɓare su bar rami. Yanzu da take a bushe ki ɗura mata maganin da burushi har ta ƙoshi, a lanƙwasa siririn kwano a rufe saman wurin, ƙusoshin a gefe za a buga ba a sama ba. Ki ja layi da fensir a ƙarshen tsagar ta kowane ɓangare, in ruwan Afrilu ya sauka ki duba ko ta wuce layin.

Maman Nusaiba, Gembu:
Na ja layin yanzu. Gobe mai kwano zai zo, in sha Allahu.